Mijina Mai Ɗumama Bututun Teku

Mijina ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana ɗumama bututun mai a ƙasan teku. Idan na faɗi haka mutane sukan yi murmushi, su ɗauka wasa nake yi, shi ya sa na daina faɗa. Sai in ce injiniyan lantarki ne, magana ta wuce. A unguwarmu ta Park Hill kowa Injiniya yake ce masa, har yaran da aka haifa a nan waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Ni Malam nake ce masa tun muna Kano, shi kuma yana ce mini Hajiya tun kafin in san hanyar Makka.

A Fatakwal ya fara aikin, yana hawa jirgi mai saukar ungulu zuwa tsakiyar ruwa ya yi makonni. Daga baya wani ƙaramin kamfani a Manhattan ya ɗauko shi, muka taho da 'yarmu tana goye. Ya daina shiga teku, aikinsa ya koma na zane da lissafi a ofis. Kullum da safe yakan hau bas zuwa tashar jirgin fito, ya tsallaka ruwa daga tsibirin da muke zaune zuwa Manhattan, ya taka zuwa ofis da ƙafa. Yana da halin da za mu koma unguwa mai lambu a bayan gida, amma ya ƙi. Ya ce a nan yana jin Hausa a lifta, masallaci kuma ba nisa.

Ni kaina na daɗe ban gane aikin nasa ba. A wani taron suna a Mount Hope na fara fahimta, ina zuba wa maza abinci. Wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai sayar da jakunkuna da lema a bakin tashar jirgin ta ɓangaren Manhattan, shi ya tsare shi da tambaya.

“Injiniya, kullum ina ganin ka kana hita daga jirgin nan, bato, da jakarka. Wai mine ne aikin naku?”

Malam ya ajiye cokali. Yana son a yi masa wannan tambayar.

“Alhaji, can ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa, sanyi ne kamar cikin firji. Mai yana fitowa daga rijiya da zafinsa, amma ba shi kaɗai yake fitowa ba, akwai gas, akwai ruwa. Muddin yana gudu a bututu, lafiya lau. Ranar da aka tsayar da aiki ya kwanta ya huce, sai gas ɗin da ruwan su haɗu saboda sanyi da matsi, su zama wani abu kamar ƙanƙara. Haidiret ake ce masa. Ya toshe bututu kamar an zuba siminti.”

“To a sa masu nutso su hwasa shi mana.”

“Zurfin ya fi ƙarfin ɗan Adam. Kuma kafin a buɗe shi sai a sha wahalar makonni. Mu aikinmu shi ne kada a kai ga haka. Muna ja kebul daga saman ruwa, mu sakar wa ƙarfen bututun wutar lantarki, ƙarfen ya ɗauki ɗumi, abin da ke ciki ya ƙi daskarewa.”

Alhajin ya girgiza kai. “Kuran, wutar lantarki, a cikin ruwa. Allah Ya kyauta.”

Aka yi dariya, har da Malam.

Akwai wata Babbar Sallah da ba zan manta ba. Mun dawo daga idi kenan waya ta shigo. Guguwa ta sa an kwashe ma'aikata daga wani dandalin haƙo mai, da suka koma suka tarar wani bututu ya yi kwanaki babu wuta, ana zaton ya riga ya toshe. Malam bai ko cire babbar riga ba ya zauna a teburin cin abinci. Baƙi suna shiga suna fita, nama yana soyuwa, shi kuwa yana ta faɗa da wasu mutane da Turanci. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne kada su kunna wutar.

Da yamma, ina fushi, na ce masa, “Kai da aikinka kunna wuta, yau kuma kai ne mai hanawa? Ka ɓata mana Sallah a kan ka ce kada a yi komai?”

Ya ce, “Hajiya, ɗumin nan rigakafi ne. Idan bututu ya riga ya toshe, kika ɗumama shi da gaggawa, tsakiyar toshiyar ce za ta narke, gas ya fito, gaba a rufe, baya a rufe. Ina zai je? Sai ya fasa ƙarfen, ko ya harba toshiyar kamar harsashi zuwa inda mutane suke. Wannan ita ce doka ta farko da nake koya wa duk wanda ya shigo ofishinmu.”

Ya ci namansa da sanyi, yana ta murna sun ji maganarsa.

Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A shekarun da nake magana, ina kula da wata tsohuwa 'yar asalin Italiya a Port Richmond, mai ciwon mantuwa. Na san yadda ciwon yake shigowa, a hankali, kamar baƙo mai kunya. Don haka ranar da na ga Malam ya tsaya a gaban injin shayi yana kallonsa, bai san inda zai danna ba, sai tsohuwar ta faɗo mini a rai. Na ce gajiya ce. Shekarunsa ba su kai na wannan ciwon ba, ko furfurar kirki bai gama yi ba.

Sai lissafi ya fara yi masa gardama. Mutumin da yake gaya wa ma'aikata yawan wutar da bututu zai ci tun kafin kwamfuta ta gama nata, ya koma yana cinye Lahadi guda a kan shafi ɗaya. Yana gogewa yana sakewa. Idan na leƙo sai ya rufe kwamfutar, ya ce mini hasken ne yake damun idonsa. Muka je aka canza masa tabarau, ba abin da ya sauya.

Wata ranar aiki wata abokiyar aikinsa ta kira ni, dattijuwa 'yar asalin Norway da suka yi shekaru tare. Sau biyu ta taɓa cin tuwo a gidanmu. Ta ce tana son ganina ni kaɗai. Ta tsallako da kanta, muka zauna a bencin tashar jirgi ta ɓangarenmu, mutane suna ta wucewa.

Ta daɗe tana juya kofin kofi a hannunta kafin ta fara. Ta ce ya aika wa wani kamfani rahoto ɗaya har sau biyu, ta rufa masa. Ta ce yana mance sunayen filayen man da shi ya zana musu wuta, wannan ma ta rufa. Amma a makon da ya wuce, a taro, ana maganar wani bututu da ya toshe, Malam ya ɗaga hannu ya ce abin ai mai sauƙi ne, a kunna wutar gaba ɗaya.

“Ɗakin ya yi tsit,” in ji ta. “Rabin mutanen da ke wurin shi ya koya musu kada su taɓa yin haka. Na ɗauka gwada su yake yi. Na jira ya yi dariya. Bai yi ba.”

Jirgi ya iso, aka buɗe ƙofa, jama'a suka ɗunguma. Ta riƙe hannuna ta ce in kai shi asibiti, kuma ba za su iya barin sa hannunsa ya ƙara hawa kan wani zane ba, domin akwai rayuka a ƙarshen bututun.

Likita ya sa shi ya zana fuskar agogo. Mijina, wanda zanensa yake kwance a ƙasan tekuna, ya tara lambobin duka a gefe ɗaya. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya ce da Hausa, “Hajiya, wannan agogon ba daidai yake ba, ko?”

Na ce, “Ba komai, Malam.”

Ya ce, “Da komai.”

A bas, muna komawa, da muka kusa sauka ya juyo gare ni. Ya ce kada in gaya wa 'yan'uwansa na Kano tukuna. Ya ce in yafe masa. Na tambaye shi me ya yi mini, ya ce abin da zai yi mini nan gaba yake nufi.

Ofis suka yi masa walimar sallama. Suka ba shi kyautar guntun bututu da aka yanka, da kebul ɗinsa manne a jiki, an goge shi yana ƙyalli. Nauyi gare shi kamar turmi. Ya rungumo shi a jirgi da bas har gida, ya ƙi bari in taya shi, ya ɗora a kan teburin falo.

Watannin farko da sauƙi. Yana zuwa masallaci, yana raka ni kanti. Amma jikinsa ya saba da hanyar ofis. Ina fita aiki, sai ya sa kwat ya ɗauki jaka ya bi bas. Yawanci yakan tsallaka ya dawo, tunda jirgin kyauta ne, ba mai tambayarsa. Na bar shi, don ban san abin da zan ba shi a madadin haka ba.

Ran nan da hantsi, ina yi wa tsohuwata wanka, waya ta yi ƙara. Alhajin nan mai jakunkuna ne.

“Hajiya, ki taho maza. Ga Injiniya nan wurina. Lahiya lau yake, amma ki taho.”

Na roƙi 'yar tsohuwar ta zo ta karɓe ni, na kama hanya. Na same shi zaune a kan kujerar roba a bayan teburin Alhaji, an lulluɓa masa mayafi daga cikin kayan sayarwa. Alhaji ya ja ni gefe. Ya ce Malam ya shiga wani gini ya ce ofishinsa ne, masu gadi suka fito da shi. Daga nan ya dawo tashar ya kama wani ma'aikacin jirgi, yana gaya masa an tsayar da aiki, bututu yana hucewa, a kunna wuta kafin lokaci ya ƙure. Har an kira 'yan sanda.

“Na ce musu ɗan'uwana ne, ba shi da lahiya. Suka bar mini shi. Bon, na ce mishi an kunna kuran ɗin, sannan ya zamna.”

Na durƙusa a gabansa. “Malam, mu je gida.”

Ya ce, “Sun ce sun kunna. Amma ban ga alƙaluman ba. Kin ga alƙaluman?”

Na ce na gani, komai daidai. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa a kan aikinsa. Daga ranar ta zama abincin yau da kullum.

Na sa aka ƙara wa ƙofa makulli ta sama. Da ya rasa hanyar fita, sai aikin ya dawo cikin gida. Ya riƙa bin bututun gidan yana taɓawa da bayan hannu, na banɗaki, na ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na hitar ɗumama ɗaki. Wanda ya ji da sanyi sai hankalinsa ya tashi. Ya naɗe su da tawul, da ɗankwalayena, da sallayarsa. Na bar shi, tunda ba ya cutar da kowa. Maƙwabciyata, wata mutuniyar Kumasi da ita ma take aikin kula da tsofaffi, takan zauna da shi idan aikinmu bai zo ɗaya ba. Takan ce mini da irin Hausarsu ta Kumasi, “Maman, kai ma ka huta kaɗan. Ka rame paa.” Sai in ce to.

Wata Asabar da rana na sauka ƙasa ɗauko wanki daga inji. Ban daɗe ba. Ina fitowa daga lifta na ji ƙauri. Ya yanke wayar dutsen guga, ya fere ta da wuƙar kicin, ya naɗa a jikin bututun ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya soka a soket. Allah Ya sa wutar gidan ta ɗauke da kanta. Tawul ɗin da ya naɗa a wurin ya kama da wuta, hayaƙi ya cika kicin, ƙararrawa tana ta ihu. Shi kuwa yana zaune a ƙasa, tafin hannunsa ya sale, yana kallon abin da ya haɗa.

'Yan kwana-kwana suka zo, maƙwabta suka cika baranda. A motar asibiti ya ce mini, a natse, kamar yana ba da rahoto, “Kebul ɗin ne bai kai ba. Na gaya musu tun farko.”

Masu kula da ginin suka kira ni ofis. Ba su yi mini rashin mutunci ba. Sun ce akwai yara a hawan, akwai tsofaffi, idan aka sake ba za su iya yin shiru ba. Na kwashe duk wata waya daga gidan, na rufe soket-soket, na cire maɓallan murhu ina yawo da su a jaka. Guntun bututun nan na falo na kai ɗakin maƙwabciya, don ganinsa yana tayar masa da aikin. Bai taɓa tambayar inda ya shiga ba, wannan ya fi yi mini ciwo a kan da ya yi rigima.

'Yarmu tana karatu a wani gari can arewacin jihar. Ta ajiye zango guda ta dawo. Da farko ya ɗauke ta ma'aikaciyar ɗakin sarrafa injuna ce, yana ba ta umarni da Turanci, ita kuma tana amsawa, “To, ranka ya daɗe,” irin na Turawa, tana rubutawa a iska. Sukan yi awa guda a haka. Ta ce mini ko ba komai suna hira, abin da ba su samu yi ba tana ƙarama.

Sai Turancin ya fara zubewa. Kalma-kalma ya tafi, har ya zamana idan an yi masa sai ya ƙura wa mutum ido. Hausa kaɗai ta rage, Hausar cikin Kano ta yarintarsa. 'Yarmu tana jin Hausa sarai, amma bakinta bai saba ba. Tun tana ƙarama muna yi mata Hausa tana mayar mana da Turanci, muna dariya, muna cewa za ta koya idan ta girma.

Na tarar da su wata rana a falo. Yana tambayarta, “'Yan mata, ke 'yar gidan waye?”

Ta buɗe baki, Turanci ya fito. Ya juyo gare ni. “Me take cewa?”

Ta sake gwadawa, a hankali, tana lalubo kalmomin. “Abba, ni ne. Ni 'yarka.”

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo mai koyon harshe. “Madalla. Kina ƙoƙari. A ina kika koyi Hausa?”

Ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada in ji kukanta. Na ji.

'Yan'uwansa da suka sani, suka ce in kawo shi gida, a yi masa addu'a, ya zauna cikin dangi. Na yi ta juya maganar. Mahaifiyarsa ta rasu, gidan da ya sani an rushe an yi shaguna, yayyensa kowa ya tsufa da nasa ciwon. Wa zai yi masa wanka? Wa zai hana shi taɓa waya? Maganinsa da likitansa suna nan, karatun 'yarmu yana nan. Na ce a'a. Babban wansa bai ƙara ɗaukar wayata ba sai bayan wata da watanni, kuma har yau gaisuwarmu a taƙaice take.

Na riƙe shi a gida iya ƙarfina. Da ya fara faɗuwa, bayana kuma ya ƙi ɗaukarsa, likita da 'yarmu suka taru a kaina. Yanzu yana wani gidan kula da marasa lafiya a nan tsibirin, bas biyu daga gidanmu. Ni da na yi shekaru ina kula da iyayen wasu, na sa hannu wasu suna kula da mijina. Ranar da muka kai shi bai yi gardama ba. Ya zauna a bakin gado ya haɗa hannuwansa, kamar mai jiran a kira shi.

Ya daina maganar bututu. Ban san ranar da ya daina ba, sai dai na lura an daɗe ban ji ba. Abokiyar aikinsa ta zo duba shi sau ɗaya, ta gaya masa wani tsarin da ya zana tun da daɗewa yana nan yana aiki, bai taɓa toshewa ba. Na fassara masa. Ya gyaɗa kai cikin ladabi, yana kallon takalminta.

Mutane suna ce mini in yi haƙuri, ina yi. Suna cewa akwai lada, na yarda. Amma idan na dawo na buɗe ƙofar gidan nan, ba na jin komai sai gajiya. Ciwon ba ya warkewa, kuma ba ya sauri. Likita ya ce zuciyarsa lafiya lau take, zai iya daɗewa. Ban san addu'ar da ya kamata in yi ba, sai in ce Allah Ya zaɓa mana, in yi shiru.

Ina zuwa wurinsa bayan na tashi aiki, da tuwo a kula. Abin da ya rage masa cikakke shi ne gaisuwa. Ita kam ko harafi bai zube ba. Da na shiga zai gyara zama.

“Sannu da zuwa, Hajiya. Ina wuni?”

Hajiyar da yake ce wa kowace mace mai mayafi ce, har ma'aikaciyar da ke canza masa zanen gado.

“Lafiya lau, Malam.”

“Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Ya yara?”

“Suna lafiya.”

“Ya maigidan?”

Ranar farko da ya yi mini wannan tambayar sai da na fita waje na jingina da bango. Yanzu na saba.

“Yana nan lafiya,” nake cewa.

“Madalla. Ki gaishe shi.”

“Zai ji.”

Sai in buɗe kular in fara ba shi a baki. Kafin ya ci loma uku ya ɗago ya gan ni, ya gyara zama, ya ce sannu da zuwa, mu sake daga farko. Haka muke yi har tuwon ya ƙare. In goge masa baki, in yanke masa farce idan ya yi tsawo, in fita in tsaya jiran bas.